Mita Ɗari Biyu Kudu da Coci

Ni na ɗauke katin. Gara in faɗa tun farko, don maigidana Rigoberto in ya tashi ba da labarin nan cewa yake yarinyar ce ta manta, wai shi a dole zai rufa mini asiri. 'Yata Yorleni ba ta mantuwa. Ni ce na zare katinta na ɗan ƙasa daga jaka ranar Alhamis da yamma, na sa shi ƙarƙashin ƙafar Uwa Maryamu, 'yar baƙar siffar nan da na sayo a Cartago wadda ke kan kanta a ɗakina. Na ce ya kwana a nan ya sha albarka, da safe in mayar. Da gari ya waye mai kawo ƙanƙara ya zo da rigimarsa, wake na neman ƙonewa, ga shi ana ta sauri kar jirgin fito ya tashi ya bar ta. Ta kama hanyar San José, babban birni, kati yana kwance abinsa.

Shekara biyu yarinyar nan tana karatun zama jagorar baƙi, irin masu ɗaukar Turawa a jirgi su kai su kallon birai da kunkurun teku. Jarrabawar ƙarshe ranar Asabar ce da ƙarfe biyu na rana, a wata makaranta a birni, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Mai jiragen yawon nan na garinmu Paquera ya riga ya gaya mata, in ta kawo takardar shaida kafin Disamba aiki nata ne, in ba ta kawo ba akwai masu jira. Wata shida ina suyar kifi a rumfata tana zagaya ni tana karatu da ƙarfi. Larduna bakwai, teku biyu, mutum miliyan biyar da 'yan kai. Tsayin dutsen Chirripó. Shekarar da aka sallami soja. Watannin da ya kamata baƙo ya zo da laima. Ni da na tsaya a aji uku har na haddace rabi, ina yankan albasa ina amsa mata.

Ranar Asabar da safe na zo kunna mata kyandir. Na ɗaga Uwa Maryamu in goge ƙarƙashinta, sai ga fuskar 'yata tana kallona daga jikin kati. Na duba agogo, takwas ta ɗan gota. Na kira ta a waya.

"Yorleni, ina katinki?"

"Yana jaka, Mama. Don Allah kar ki fara, karatu nake."

"Ba ya jaka. Ga shi a hannuna."

Na ji ta zazzage jakar a kan gado, makullai suka zube ƙasa.

"Ni na ɗauka," na ce. "Na kai wa Uwa Maryamu ta sa masa albarka."

"Mama." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ihu ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

"Ba za su karɓi hotonsa ba? Babanki ya iya turawa ta waya."

"Sun ce kati da kansa. Sun rubuta har sun ja layi a ƙasa. Bara wata 'yar Limón daga bakin ƙofa suka mayar da ita."

"To daina kuka, ba ni kwatance."

"Ba kuka nake ba."

"To daina abin da kike yin, ba ni kwatance."

Ta karanto mini yadda makarantar ta rubuta musu: daga cocin Santa Rufina, mita ɗari biyu kudu, hamsin gabas, bene mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Na rubuta a bayan takardar burodi. Na naɗe katin a 'yar leda, na soke shi da fil a cikin rigata ta wajen ƙirji, na fito tsakar gida. Rigoberto yana tsugune kan injin jirgi, ya ji komai ta taga.

"Tila, ke da Uwa Maryamu, ku biyu duk kuka manta?"

"Cire ta a ciki. Ita ta riƙe amana, ni ce ban koma karɓa ba. Tashi babur."

"Bari ni in je."

"Kai da ka tafi birni neman asibiti ka ƙare a filin ƙwallo? Tashi babur."

Bai wanke hannu ba ma. Muka isa mashigar jirgin fito motoci sun gama shiga, ana kwance igiya. Wani ma'aikacin jirgin da ke cin abinci a rumfata ya hango ni, ya ɗaga hannu aka dakata. Da ƙafata ta taka ƙarfen jirgin na ce na gode Allah, ɗaya ta wuce. Na sami benci na zauna, na fito da carbi.

Ban kai ko rabi ba wata Baturiya ta zauna kusa da ni, doguwa, rana ta ƙona mata hanci ya yi ja. Tana riƙe da ɗan littafin nan da baƙi ke yawo da shi, mai hoton kwaɗo a bango. Sifaniyancinta da ƙyar yake fita, amma ba ta jin kunyar tambaya. Wai da gaske ana shan ruwan famfo? Na ce tun ina goye nake sha, ga ni. Wai dala za ta riƙe ko colón? Na ce riƙe namu, masu kasuwa in sun ga dala lissafi ɓace musu yake, kuma ba ta wajenki yake ɓacewa ba. Wai da gaske ba mu da soja? Na ce tun kafin a haife ni, na faɗa mata shekarar ma, don na haddace. Ta duba littafin ta ga haka ne, ta dube ni da girmamawa. Gaskiya abin ya yi mini daɗi, ya kuma ɗauke mini hankali daga agogo.

"Littafin ya ce ba kwa amfani da sunan titi," ta ce. "To yaya kuke gane hanya?"

Na nuna mata takardar burodin. "Kin ga wannan? Mita ɗari layi ɗaya ne. Ko layin ya yi tsawo ko ya gajarce, ba mai zuwa da igiyar awo. Sauran kuma aikin coci ne. Coci ƙofarsa yamma take kallo. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ba bagade baya, fuskarki yamma ke nan, hagunki kudu, damanki arewa. A ƙasar nan wanda ya san coci ba ya ɓata."

"Kowane coci?"

"Kowane."

Ta fito da biro ta rubuta a gefen shafi.

A Puntarenas, inda jirgin ya sauke mu, ban tsaya ko shan ruwa ba. Na sami bas ɗin birni saura kujera biyu, na ce na gode Allah, biyu ta wuce. Da muka fara hawan tudu zafin bakin teku ya bar mu, gajimare ya sauko har kan kwalta, ruwa ya tsuge. Wata motar ayaba ta mutu a kwana, muka yi ta rarrafe a bayanta. Kowane minti goma sai in taɓa ƙirjina in ji ledar tana nan. Matar da ke gefena ta ɗauka ciwon zuciya gare ni, ta miƙo mini ƙwaya. Na ce mata ba irin wannan ba ne.

Ɗaya da minti biyar muka shiga tasha. Na tare jar tasi, na karanta wa direban takardar. Dattijo ne mai surutu, kafin mu fita daga tsakiyar gari ya san sunan 'yata, ya san abin da na yi.

"Doña, ai kin kyauta da ba kan yarinyar kika sa ƙarƙashin siffar ba."

"Kai dai tuƙa."

"Ina tuƙi. Matata ma haka take. Ta taɓa zuba wa motar nan ruwan albarka a inda ake zuba mai."

"Ƙarya kake."

"To a inda ake zuba ruwa ne, amma labarin ya fi daɗi da mai."

Har na yi dariya. Ɗaya da rabi saura kaɗan ya tsaya a gaban coci, wani farin gini mai hasumiya ɗaya. Kasuwar manoma ta ranar Asabar ta cinye titunan unguwar, an gitta igiya, mota ba ta wucewa.

"Iyakata ke nan, Doña. Za ki gane daga nan?"

"Ga coci a gabana, me kuma zan tambaya?"

Na sallame shi. Ruwa ya koma yayyafi. Na hau matakala na tsaya a bakin ƙofa, na yi alamar gicciye, na juya na ba bagade baya. Hagu kudu. Na buɗe laima na yi hagu da ƙarfina, hankalina kwance, har ina tunanin ko zan sami lokacin saya mata ruwan kwakwa. Layi ɗaya, layi biyu. Na karya kwana ta ɓangaren bayan coci, gabas ke nan, na taka rabin layi.

Shagon faci na tarar, da wani gida mai katangar waya, kare yana haushi a ciki. Babu bene. Babu ƙofa shuɗiya, ko baƙa ma babu ta ƙarfe. Na ƙara gaba har ƙarshen layin, na dawo. Na tambayi mai facin ina makarantar jagororin baƙi. Ya ɗago daga kan taya ya ce shi watansa biyu a unguwar, bai san wata makaranta ba sai ta yara. Na kira Yorleni.

"Mama, kina ina? An fara kiran suna."

"Ina nan. Ɗari biyu kudu, hamsin gabas. Ke ce ba kya nan."

"Ina bakin ƙofar tsaye. Me kike gani?"

"Mai faci da kare."

"Babu mai faci a nan. Wane coci kika je?"

"Santa Rufina, an rubuta a goshinsa, wannan kam na iya karantawa. Ke da kika zo jiya, ta wane hannun coci kika bi?"

"Ban lura ba, waya na bi."

"Shekara biyu kina haddace duwatsun ƙasa, ba ki san hagu da daman coci ba?"

"Mama, don Allah ba yanzu ba. Ki tsaya nan in zo in nemo ki."

"Kar ki kuskura ki bar ƙofar nan. In aka rufe kina waje, da katin da babu duk ɗaya. Tsaya inda kike."

Na kashe. Na ɗaga kai in nemi rana, sama fari fat kamar an kifa kwano, duwatsun da ke kewaye da birni ma duk sun shige gajimare. A gida ko idona rufe na san inda teku yake, iska ke gaya mini. Nan babu abin da ke gaya wa mutum komai. Na ce ƙila wajen ƙirga layi na yi kuskure, wata 'yar lungu na ɗauka layi ce. Abin da ya rage in koma coci in sake daga farko. Na koma da gudu-gudu, takalmin roba yana watsa mini ruwa har gwiwa. Biyu saura kwata na sake hawa matakalar.

Ban tsaya a ƙofa ba wannan karon, ciki na shiga. Na durƙusa a bencin ƙarshe na ce, Uwa, ni na yi wautar, ba yarinyar ba. In akwai hukunci a kawo mini, ita a bar ta ta shiga. Ban yi doguwa ba, babu lokaci.

Da na miƙe sai na ga wata tsohuwa gajeriya tana ɗaura fararen furanni a jikin bencina, da alama aure za a ɗaura. Almakashi a rataye a wuyanta. Ta dubi ƙafata, ta dubi takardar burodin da ta jiƙe a hannuna.

"Daga bakin teku kike."

"Daga Paquera."

"Kuma hagu kika yi."

"Kudu nake nema, ina zan yi in ba hagu ba?"

Ta ajiye furen. "Baiwar Allah, ƙofar nan gabas take kallo."

Na tsaya ina kallonta. Na ce, "Coci ne fa."

"Coci ne. Tsohon yamma yake kallo kamar na kowa, girgizar ƙasa ta tsaga shi. Da aka zo sake gini ƙasar wancan gefen ta zaftare ta koma kwazazzabo, Fada ya ce ba zai sa amare su fita coci su faɗa rami ba. Aka juya ƙofar. Shekara talatin ina gyaran wurin nan, duk wanda na ga ya shigo yana haki da takarda a hannu, na san daga ƙauye yake, na san hagu ya yi."

"Kuma aka bari? Coci ya ba yamma baya?"

"Allah ta kowace ƙofa yana ji. Ina za ki?"

Na nuna mata. Ta kama hannuna ta ja ni har bakin ƙofa, ta juya ni kamar yarinya. "Dama. Ki ratsa cikin kasuwa, layi biyu. In kin ga mai sayar da cuku ki karya hagu. Benen yana nan, ba ya ɓuya. Tafi, ki yi faɗan da Fada in kin dawo."

Ina saukowa Baturiyar nan ta faɗo mini a rai, da abin da ta rubuta a gefen littafinta. Na ce Allah ka kai ta cocin da yake daidai, ni yanzu ba ni da lokacinta.

Kasuwar cike take. Na rufe laima na riƙe ta a gaba kamar sanda, ina cewa gafara, gafara. Na ture wa wani lemo biyu suka gangara, na ce Allah ya ba ka haƙuri ban tsaya ba. Wata mai gwanda ta ce, "Doña, wuta ce ta kama?" Na ce ta kusa. Shekarata hamsin da huɗu, rabona da gudu tun ranar da alade ya kwance mana, amma na yi. Na ga mai cuku, na karya hagu, sai ga bene, ga shuɗiyar ƙofa an tura ɓari ɗaya. Yorleni ce kaɗai ta rage a waje, da mai gadi, wani siririn mutum mai furfura riƙe da takardar sunaye. Ashe duk wanda ya zo bayanta sai ta matsa ta ce ya wuce, har layi ya ƙare a kanta.

"Ga ta nan," ta ce masa. "Na gaya maka za ta zo."

"Minti biyu," ya ce, yana duba agogo. "Ina katin?"

Na kai hannu ƙirji. Fil ɗin ya lanƙwashe wajen gudu, ya ƙi buɗewa. Na juya na fuskanci bango ina kokawa da shi, mai gadin ya ɗaga kai yana kallon wayoyin lantarki kamar yau ya fara ganinsu.

"Mama, ki ja kawai."

"Rigar zuwa cocina ce."

"Mama."

Na ja, ta yage, leda ta fito. Ya karɓi katin da yatsa biyu, ya kai kusa da ido.

"Lamba ɗaya ba ta fita. Mene ne wannan a kai?"

Na leƙa. Kyandir ne ya ɗiga a kai ya daskare. Na karɓe na kankare da farce, na goge a zanena, na mayar masa. Ya dubi hoton, ya dubi Yorleni, ya sa biro ya ja layi a takardarsa.

"Hawa na biyu, ɗaki na ƙarshe. Yi sauri, 'yata."

Ta juya za ta shiga na riƙo hannunta, na yi mata alamar gicciye a goshi. Ta ce, "Mama, lokaci," amma ta sunkuyo da kan. Ta haye matakala bibbiyu. Ya tura ɗaya ɓarin ƙofar ya sa sakata, daidai nan ƙararrawar coci ta buga biyu.

Na zame na zauna a dakalin ƙofar, kan ruwa da komai. Ba kuka na yi ba, numfashi kawai nake, ina jin iska tana shiga wuraren da tun safe ba ta shiga ba. Can na ji an buɗe 'yar ƙaramar ƙofar gefe, mai gadin ya fito da kujerar roba da fulas.

"Tashi daga ƙasa, Doña, kar mutane su ce ni na ture ki."

Sunansa Don Ulises. Ya zuba mini gahawa a murfin fulas, baƙa ƙirin, sukari kamar da gayya. Ban taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba, kuma ni mai dafa gahawa ce.

"Da na makara minti biyu da ka rufe?" na tambaye shi.

"Da na rufe."

"Ko ka hango ni a kan kwana?"

"Sakatar nan tana da tauri. Wani lokaci sai ta ɗauke ni minti uku."

Na kira Rigoberto na ce, "Ta shiga." Sai na ji yana jan hanci. Na ce kuka kake? Ya ce hayaƙin inji ne. Na ce to ka fita daga hayaƙin.

Awa uku ce jarrabawar. Na lulluɓe yagar rigar da gyale, na koma kasuwa na nemi mai lemon da na ture, na sayi jaka guda don in wanke laifina. Na koma Santa Rufina na kunna kyandir, na yi godiya yadda ya kamata, a zaune, ba gaggawa. Tsohuwar, Doña Zeneida, ta ba ni allura da zare na ɗinke rigata a bayan ginshiƙi, ni kuma na taya ta ɗaura sauran furannin, don ita ba ta kai saman benci sai ta yi ɗage. Na ce mata ya kamata a kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta cewa wannan gabas yake kallo. Ta ce ta faɗa wa Fada uku, kowanne sai ya ce zai duba.

Biyar da 'yan mintuna suka fara fitowa. Yorleni ta fito kusan ƙarshe, gashinta a hargitse, tawada a gefen hannu. Na tsare fuskarta da ido, don bakinta ba ya faɗin gaskiya da wuri.

"Yaya?"

"Na rubuta duka. Ɗaya ce ta ba ni wuya, kan tsuntsaye."

"Za ki ci?"

"Ina jin zan ci. Mama, yunwa nake ji kamar in mutu."

Na ɓare mata lemo a tsaye, ta shanye uku a jere, ruwan yana bin haɓarta. Na ce, "Abin da na yi miki..." Ta girgiza kai baki cike, ta nuna ƙasa.

"Dubi ƙafarki."

Na duba. Igiyar takalmin ta yanke ni tsakanin yatsu, jini ya bushe a wurin, ni ban ma ji ba. Ta zauna a dakali ta cire takalminta na ƙwallo, ta zare safarta ta miƙo mini.

"Safa da silifas? A cikin birni?"

"Wa ya san ki a nan? Saka."

Na saka. Da ɗuminta a jiki. Don Ulises ya leƙo ya ce in muna son bas ɗin da zai riski jirgin ƙarshe gara mu motsa. Yorleni ta ɗauki jakar lemon, ta saƙala hannunta a nawa, muka gangara neman tasi ina ɗingishi a hankali.